Marayun Davenport da Amanar Mai Gyaran Magana

A watan Janairun 1939, wata ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Iowa ta Amurka mai suna Mary Tudor ta fara kai da komo tsakanin jami'arta da wani gidan marayu a birnin Davenport, a gaɓar kogin Mississippi, tafiyar kimanin kilomita 90. Shekarunta 22 a lokacin. Aikin da ya kai ta shi ne ta zauna da yara ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa musu wasu maganganu da ita da malaminta, Wendell Johnson, suka tsara. Babu allura a cikin aikin, babu ƙwayar magani. Shida daga cikin yaran bakinsu lafiya lau yake, amma aka ce musu ƙwararru sun gano sun fara in'ina, kuma idan ba su yi hattara ba abin zai ci gaba da muni. Shekara 68 bayan haka, jihar Iowa ta biya diyyar dala 925,000 a kan waɗannan maganganu.

Masu aikin gyaran magana da ji suna kiran wannan bincike da laƙabin da ya samo asali tun daga ɗaliban Iowa na wancan zamani, wato Binciken Dodo. Laƙabin ya yi wa labarin amfani, domin shi ya sa ba a manta da shi ba. Ya kuma yi masa illa, domin wanda ya ji shi sai ya zaci wasu azzalumai ne suka shiga gidan marayu da niyyar cuta. Waɗanda suka yi aikin suna cikin mutanen da suka kafa wannan sana'a, kuma burinsu a fili yake: su gano tushen in'ina don a daina wahalar da yara. Abin da ya sa labarin ya cancanci a sake duba shi ke nan.

Wendell Johnson an haife shi a 1906 a wani ƙauye na jihar Kansas, ya fara in'ina tun yana ɗan shekara biyar ko shida, ta kuma bi shi har girmansa. A 1926 ya zo Jami'ar Iowa, wadda a lokacin ita ce cibiyar nazarin matsalolin magana a Amurka. Shugaban sashen manyan digirori, Carl Seashore, shi ya ɗaure wa fannin gindi, ɗalibinsa Lee Edward Travis kuma shi ke jan ragamar asibitin magana. Ra'in da Travis ya riƙe, wanda suka yi tarayya a kansa da likitan ƙwaƙwalwa Samuel Orton, yana cewa in'ina tana faruwa ne idan ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa suka yi ta jayayya a kan wanda zai jagoranci magana, kuma tilasta wa bahago ya koma amfani da hannun dama yana cikin abubuwan da ke jawo hakan. (Duk wanda ya tashi a gidan da ake bugun hannun hagun yaro a bakin akushi zai gane irin tilascin da ake nufi.) Maganin, a ganinsu, shi ne a mayar da mutum ga hannunsa na asali. Johnson ya miƙa kansa ga gwaje-gwajen asibitin: aka ɗaure masa hannun dama cikin filasta don ya koyi aiki da hagu, aka manna masa wayoyin auna motsin jijiya, aka gwada masa dabaru iri-iri, har ya riƙa kwatanta kansa da ɓeran ɗakin gwaji. In'inar ba ta tafi ba. Ya kammala digirin digirgir a 1931, ya ci gaba da koyarwa a nan.

A tsakiyar shekarun 1930 tunaninsa ya juya. Ya karanta littafin Alfred Korzybski na 1933 a kan yadda sunayen da mutane ke laƙaba wa abubuwa suke sarrafa halayensu, ya kuma yi ta hira da iyayen yara masu in'ina. Abin da ya ce ya gano shi ne kusan kowane ƙaramin yaro yana maimaita kalma, yana tsayawa, yana inda-inda yayin koyon magana, kuma wannan ba cuta ba ce. Matsalar tana somawa ne ranar da uwa ko uba suka ji wannan inda-indar suka firgita, suka sa mata suna, suka fara gyara wa yaro baki. Daga nan yaron zai fara tsoron kuskure, ya riƙa ƙoƙarin kauce masa, ƙoƙarin kaucewar nan kuwa shi ne in'ina ta gaskiya. A taƙaice, a ra'in Johnson, in'ina tana tsira ne a kunnen iyaye kafin ta isa bakin yaro, kuma sanya wa cutar suna shi ke haifar da ita.

Ra'i ne mai daɗin ji, musamman ga mutumin da ya sha ɗaurin filasta a banza. Yana cewa babu wani lahani a jikin mai in'ina. Sai dai yana buƙatar hujja, hujjar da ta fi kowace ƙarfi kuwa ita ce a ɗauki yaro mai lafiyar baki a laƙaba masa in'ina, a ga ko za ta kama shi. Babu uwar da za ta ba da ɗanta don wannan.

Gidan marayun Davenport an kafa shi ne bayan yaƙin basasar Amurka domin 'ya'yan sojojin da suka mutu, bisa himmar wata mata mai suna Annie Wittenmyer, wadda daga baya aka sa wa gidan sunanta. Zuwa shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, ya cika da ɗaruruwan yara, da yawansu ma iyayensu suna raye, talauci ne ya raba su. Gidan mallakar jiha ne, jami'ar ma ta jiha ce, kuma masu bincike na jami'ar sun daɗe suna shiga da fita a cikinsa. A wannan shekara ta 1939 ɗin ce Harold Skeels ya fitar da sakamakon nazarinsa kan jarirai 13 da aka ɗauke daga gidan aka kai inda suka sami masu ririta su, basirarsu ta ƙaru ƙwarai, alhali ta waɗanda aka bari ta ragu. Wato masanan Iowa sun fi kowa sanin cewa yaran wannan gida a raunane suke, kuma abin da manya ke yi musu yana barin tabo. Da wannan sanin aka zaɓi gidan.

Tudor da wasu abokan karatunta biyar, waɗanda suka zama alƙalan auna magana, sun tantance yara 256, suka ware 22. Goma daga cikinsu malamai da masu renon gidan sun riga sun ɗauke su a matsayin masu in'ina. Sha biyu kuwa an tsamo su ne daga cikin masu magana lafiya. Aka raba goman gida biyu: biyar aka ce musu maganarsu ba ta da laifi, su daina kula da abin da mutane ke faɗa, biyar aka tabbatar musu cewa lallai suna da in'ina. Sha biyun ma aka raba su: shida aka yaba musu, shida kuma, masu shekaru daga 5 zuwa 15, su ne aka yi wa ƙaryar. Daga Janairu zuwa ƙarshen Mayu Tudor takan zo bayan 'yan makonni ta zauna da kowane yaro kamar minti 45. Ga waɗannan shidan, saƙon shi ne suna da alamomin yaron da ya fara in'ina, dole su yi amfani da ƙarfin zuciya su tsayar da ita nan take, kada su buɗe baki sai sun tabbata za su faɗi magana daidai. Akan ambata musu wani yaro a gidan mai tsananin in'ina a ce shi ma haka ya fara. Idan yaro ya maimaita kalma yana cikin magana, sai a katse shi a nuna masa.

Ƙaryar ba ta tsaya kan yaran ba. An faɗa wa malamai da masu reno cewa waɗannan yara shida sun fara in'ina, aka nemi su riƙa tsayar da su suna gyara musu. Su a zatonsu umarnin ƙwararru suke bi don taimakon yaran. Ta haka gwajin ya fita daga ɗakin da Tudor take zama, ya shiga aji da ɗakin kwana da wurin cin abinci, inda babu mai lura da shi, babu kuma mai iya janye shi.

Bayanan da Tudor ta rubuta da hannunta su ne shaida mafi nauyi a kan binciken. Yarinya 'yar shekara biyar wadda wata guda kafin nan take zuba surutu, sai ga shi da ƙyar ake ciro kalma daga bakinta. Wata 'yar shekara tara ta kusa daina magana gaba ɗaya, tana rufe idanunta da hannu yawancin lokacin zaman. Wata 'yar shekara 15 ta koma kaɗa yatsu tana magana, da aka tambaye ta dalili ta ce tsoro take kada ta yi tuntuɓe a kalma ta gaba. Jimlolin yaran suka gajarce, suka riƙa jin kunyar bakinsu, karatun wasunsu ya ja baya. Tudor ta ga duk wannan, ta rubuta, ta ci gaba har ƙarshen zangon.

To amma sun kamu da in'ina? Alƙalan da suka sake auna yaran shida a ƙarshe sun sami biyu maganarsu ta ƙara santsi, biyu tana nan yadda take, biyu ta ɗan ragu. Yara sun tsorata, sun yi shiru, wannan tabbas ne. Maƙalewar harshe da maimaita gaɓar kalma da ake gane in'ina da su kuwa ba su bayyana yadda ra'in ya yi hasashe ba. Su ma masu in'inar da aka ce musu lafiyarsu ƙalau ba su warke ba. Tudor ta miƙa kundinta, aka ba ta digiri, aka ajiye kundin a ɗakin karatu na jami'a. Bayan haka ta koma gidan marayun sau uku da nufin warware abin da ta ƙulla, ta faɗa wa yaran cewa ba su da in'ina. A wata wasiƙa da ta rubuta wa Johnson a 1940 ta nuna tana fatan za su murmure da tafiyar lokaci, ta kuma amsa cewa abin da aka yi ya bar musu alama. Ba a faɗa wa yaran cewa gwaji aka yi da su ba. Yarinyar da babbar malama daga jami'a ta shafe wata biyar tana ce mata bakinta yana da ciwo, ziyara uku ba lallai su kankare mata wannan ba.

Johnson bai buga sakamakon a kowace mujalla ba. Wasu daga cikin waɗanda suka san shi sun danganta shirun da yaƙin duniya na biyu, suna ganin da labarin gwaje-gwajen likitocin Nazi ya fito, an ji tsoron a kwatanta. Wasu kuma suna ganin dalilin ya fi wannan sauƙi, wato alƙaluman ba su ba shi abin da yake nema ba. Ko wanne ne, ra'in ya ci gaba da tafiya ba tare da gwajin ba. Ta littafinsa na 1946 da babban littafinsa na 1959 kan yadda in'ina ke somawa, da ɗaliban da ya yaye suka bazu a jami'o'i, ra'in Johnson ya mamaye fannin a Amurka har zuwa shekarun 1970. Ya shugabanci ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, ya rasu a 1965, jami'ar kuma ta sa wa cibiyarta ta magana da ji sunansa.

A nan ne laifin da ba a cika ambata ba yake, kuma ta fuskar yawan waɗanda ya shafa ya fi na Davenport girma. Mai binciken da ya gwada ra'insa, gwajin bai goyi bayansa ba, sannan ya bar takardun a kan kanta ya ci gaba da koyar da ra'in, ya ci amanar duk wanda zai zauna gaban ɗalibansa. Shekaru kusan talatin ana gaya wa iyaye, musamman mata, cewa su ne suka jawo wa 'ya'yansu in'ina da yawan damuwarsu. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a ambaci matsalar a gaban yaro, kada a kira sunanta, a yi kamar ba a ji ba. Yaro yana fama da kalma, yana ganin kowa ya kawar da kai, sai ya fahimci abin kunya ne da ba a magana a kansa. Uwa kuma ta koma gida da nauyin laifin da ba nata ba.

Har wa yau akwai batun ƙabilun asali na Amurka. A 1944 Johnson ya wallafa maƙala yana cewa Bannock da Shoshone na jihar Idaho ba su da masu in'ina, ba su ma da kalmar da ke nufinta, ya ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa inda babu suna babu cuta. A 1983 Gerald Zimmermann da abokan aikinsa suka koma wurin mutanen nan, suka zauna da su ta hanyar masu jin harshensu, suka tarar da masu in'ina da kalmomi fiye da ɗaya na kiranta. Baƙon da ya zo da tambayarsa a harshen da ba na masu gida ba, yakan koma da amsar da ya zo nema.

Binciken da ya biyo baya ya rushe ginshiƙin ra'in. Ehud Yairi da Nicoline Ambrose na Jami'ar Illinois sun bi yara tun daga farkon in'inarsu na tsawon shekaru, suka nuna cewa maganar yaron da ya fara in'ina ta bambanta da inda-indar sauran yara tun daga farko, wato abin da iyaye suka ji gaskiya ne suka ji. Yawanci tana somawa tsakanin shekara biyu da huɗu, kuma kamar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na yaran suna rabuwa da ita da kansu. Kimanin kashi 1 cikin ɗari na manya ne ke ɗauke da ita, maza sun ninka mata wajen sau huɗu. Nazarin tagwaye ya nuna gado yana da babban rabo. A 2010 ayarin Dennis Drayna ya gano sauye-sauye a wasu ƙwayoyin gado cikin iyalai a Pakistan, daga baya kuma wani babban dangi a Kamaru ya taimaka wajen gano wasu. A Ostireliya an tsara shirin Lidcombe, inda ake koya wa iyaye su yaba wa yaro idan ya yi magana sumul, su kuma ambata masa tuntuɓen cikin taushi jefi-jefi. Da ra'in Johnson gaskiya ne, da wannan shiri masana'antar in'ina zai zama. Gwajin da aka buga a 2005 ya nuna yana rage ta.

Ba duk abin da Johnson ya faɗa ne ya faɗi ba. Tsoro da kunya da gudun magana suna ƙara wa mai in'ina nauyi, kuma yadda mai sauraro ya karɓi maganarsa yana da tasiri. Masu sana'ar har yau suna aiki da wannan, rabonsa a ciki kuma ba kaɗan ba ne. Abin takaici shi ne gwajin Davenport ya tabbatar da wannan ɓangaren ne kaɗai, ta hanyar da ba ta kamata ba.

Kundin Tudor bai taɓa zama sirri ba. Yana ɗakin karatu, ɗalibai suna aro. A 1988 Franklin Silverman, wanda shi ma a Iowa ya yi karatu, ya rubuta gajeriyar maƙala a kansa a mujallar masana in'ina, amma maganar ba ta fita daga da'irar masana ba. Sai a watan Yunin 2001 ɗan jarida Jim Dyer ya buga labarin a jaridar San Jose Mercury News, bayan ya sami Tudor a tsufanta da takardun da ta adana, ya kuma bi sawun waɗanda suka rage daga cikin marayun. Tsofaffi masu shekara saba'in da ɗoriya suka ji a karon farko, daga bakin ɗan jarida, abin da aka yi da su suna yara. Wata daga cikinsu ta aika wa Tudor wasiƙa mai zafi tana ɗora mata alhakin lalacewar rayuwarta. Jami'ar ta nemi gafara a bainar jama'a. Shi kansa Dyer bai daɗe ba ya ajiye aiki, bayan an gano ya shiga wani rumbun takardun gwamnati da ba a buɗe wa 'yan jarida ba ta hanyar gabatar da kansa a matsayin ɗalibi mai bincike. Labarin yaudara da sunan ilimi sai da ya ɗauko wata yaudarar kafin ya fito.

A 2002 Ambrose da Yairi suka sake lissafa alƙaluman Tudor, suka ce ba su nuna an haifar wa kowa da in'ina ba, ga ƙanƙantar rukunan, ga rauni a tsarin. Amma suka yi tir da yadda aka yi da yaran. A 2003 aka shigar da ƙara a madadin mutum shida, uku masu rai, uku magadansu, ana neman dala miliyan 13.5. Jihar ta kare kanta da cewa abin ya faru ne a 1939, tun kafin dokar shekarun 1960 da ta ba talaka damar ƙarar gwamnatin jiha kan cutarwa. A 2005 Kotun Ƙolin Iowa ta ƙi wannan hujja, bisa fahimtar cewa haƙƙin ƙara yana somawa ne daga lokacin da wanda aka cuta ya san an cuce shi. Aka yi sulhu a watan Agustan 2007. Saboda haka babu alƙalin da ya taɓa yanke hukunci a kan ko gwajin ne ya jawo wahalhalun da masu ƙarar suka lissafa, kuma da an je ga haka da wuya a iya raba tabon wata biyar daga tabon tashi a gidan marayu.

Masu kare Johnson, a gabansu ɗansa Nicholas Johnson, masanin shari'a, sun kawo hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. A 1939 babu kwamitin tantance bincike a jami'o'i. Ƙa'idojin Nuremberg sai 1947, sanarwar Helsinki sai 1964. Shugabannin gidan, waɗanda su ne waliyyan yaran a shari'ance, sun ba da izini. Ga shi kuma an yi abubuwa da suka fi wannan muni nesa ba kusa ba bayan an kafa ƙa'idojin: a Tuskegee an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani daga 1932 har 1972, a Willowbrook an sa wa yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa ciwon hanta da gangan, kuma a 1966 Henry Beecher ya lissafa bincike 22 na manyan cibiyoyi da suka keta haddin marasa lafiya. Me ya sa za a ware Iowa?

Hujjar tana rage girman zargi, amma ba ta wanke aikin. Neman yardar wanda za a yi gwaji da shi ba baƙon abu ba ne a 1939: Walter Reed ya sa masu sa kai sun sa hannu a takardar yarda a gwajin zazzaɓin shawara a Kyuba tun 1900, kuma Jamus ta fitar da ƙa'idoji a 1931 da suka hana gwajin da zai jefa yaro cikin haɗari. Abin da ya fi wannan kusa shi ne tsarin binciken kansa. Johnson ya yi imani cewa laƙabin yana haifar da in'ina, ciwon da shi ya fi kowa sanin ɗacinsa. Nasarar gwajin, a ma'auninsa, ita ce yara shida su kamu. An je gidan marayu ne saboda an san iyaye ba za su yarda ba, an kuma ɓoye wa masu reno gaskiya saboda an san ba za su ba da haɗin kai ba. Wanda ya ga buƙatar ɓoyewa ya riga ya san hukuncin zamaninsa.

Akwai kuma abin lura game da inda sana'ar ta sa idonta tun farko. Lokacin da aka kafa ƙungiyar masu gyaran magana ta Amurka a 1925, wadda Travis yana cikin waɗanda suka assasa ta, sharuɗɗan shiga sun haɗa da cewa kada mutum ya kasance ya taɓa mayar da aikin haja ko ya yi alkawarin warkarwa a kan wani kuɗi. Abokan gabar da ake hange su ne makarantun kasuwa irin ta Benjamin Bogue a Indianapolis, masu tallar raba mutum da in'ina cikin 'yan makonni. Ɗa'ar aiki a wancan lokaci katanga ce tsakanin masani da ɗan damfara. Babu wanda ya yi tunanin ana buƙatar katanga tsakanin farfesa da yaron da ke gabansa. Kundin ɗa'a na farko na ƙungiyar ya fito a 1952. Wanda ake aiki da shi yau ya buɗe ne da wajabcin fifita lafiyar wanda ake yi wa aiki da wanda ake bincike da shi a kan komai, ya hana karkatar da sakamakon awo, ya wajabta neman yarda bayan cikakken bayani, ya kuma riƙe tsohon hanin nan na alkawarin warkarwa.

Dokar ƙasa ma ta biyo, a makare. Tonon asirin Tuskegee ya haifar da dokar bincike ta 1974 da rahoton Belmont na 1979, wanda ya ambaci mutanen da ke tsare a gidajen gwamnati cikin waɗanda ake yawan zaɓa don sauƙin samunsu. Ƙa'idojin 1983 kan bincike da yara sun keɓe sashe ga yaran da ke hannun gwamnati: ga binciken da ke da haɗari kuma ba zai amfane su kai tsaye ba, dole a naɗa wa kowane yaro mai kare masa haƙƙi wanda ba shi da alaƙa da masu binciken ko hukumar da ke riƙe da shi. Wannan sashe kamar da Davenport aka auna shi, inda jiha ɗaya ce mai gidan marayu, mai jami'a, kuma waliyyiyar yara. Mutanen Kano ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda ya ƙare da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, tushen rigimarsa shi ne wa ya ba da yarda, kuma me aka faɗa masa.

Bambancin Davenport da sauran shi ne babu abin da aka sa a jikin kowa. Mai gyaran magana ko mai auna ji yakan wuni yana faɗa wa iyaye abin da ya gani: wannan jinkirin magana ne, wannan kurumta ce, wannan zai wuce, wannan ba zai wuce ba. Iyaye ba su da hanyar tantancewa, yaro kuwa ko hanyar musu ba shi da ita, musamman yaron da matsalarsa ita ce maganar kanta. Abin da aka faɗa a ɗakin awo yana bin yaro zuwa gida da makaranta ta bakin manyan da suka gaskata. Rukunin da aka fi mantawa da shi a labarin ma yana nan: yara goma da gidan ya ɗauka masu in'ina, waɗanda ƙwararrun cibiyar da ta fi kowace shahara a ƙasar suka zauna da su wata biyar, biyar aka ce musu ba su da komai, biyar aka jaddada musu ciwonsu, ba wanda aka yi wa jinya. Ba sa cikin shidan da aka biya diyya.

An rufe gidan marayun Davenport a 1975, gine-ginensa suka koma hannun hukumar birnin. Kundin Tudor yana nan a ɗakin karatu na Jami'ar Iowa.